Albasar Gudiya a Hannun Manya

Duk wanda ya ce mini akwai babban mutum a Aliero da bai san abin da ke samun albasa ba idan aka rufe ta aka hana tsinta, zan ce masa maƙaryaci ne, ko da rawaninsa ya kai faifai faɗi. A garin nan yaro tun bai iya share majinarsa ba ya san cewa dole a riƙa buɗe rudu ana fitar da ruɓaɓɓu, in ba haka ba su kama masu kyau. Shi ya sa abin da aka yi wa Gudiya ba zan kira shi kuskure ba. Da ido buɗe aka yi shi, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da zauren da aka yi shi, komai a kunnena.

Ni ce Adama mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarsu. Gudiya kuwa mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyu mata, ta dawo gidan ubanta Malam Mamman ta yi jinyarsa har ya cika. Kafin ya rasu ya ba ta 'yar gonarsa ta fadama kyauta, a gabana da gaban wanzaminsa. Ta sayar da tumakinta ta sayi iri da taki, ta sa 'yan ƙwadago, Allah ya ba ta albasa jajaye dunƙula-dunƙula. Ta ɗura su a rudu a bayan gida, rumbun karan nan da muke ɗagawa bisa itace mu rufe da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa. Jira take damina ta yi nisa albasa ta yi daraja. Da albasar nan za ta ciyar da 'ya'yanta shekara, da ita kuma za ta sake shiga fadama in rani ya zo. Bayan ita ba ta da komai.

Ba a gama karɓar gaisuwar tsohon ba sai ga wanta Surajo da wani mai saye suna zagaya rudun suna leƙe.

Gudiya ta fito ta ce, "Yaya, mi ya kawo baƙo wurin ruduna?"

"Rudunki?" in ji Surajo. "Gonar wa anka noma? Ta Baba ce. Abin da ya hito cikin gonar Baba gado ne, sai an raba."

"Baba ya ba ni ita da bakinai, kai ma ka sani."

"Ni ban ji ba."

Ta aika garin Liba aka kira kawunsu Imrana, ƙanen uwarsu. Tsohon ya zo, ya saurara, abu na farko da ya fito daga bakinsa shi ne kada ya ji an ambaci alƙali. Wai ba a taɓa samun ɗiya a zuriyarsu da ta kai ɗan'uwanta kotu ba, kuma ba a kansa za a fara ba. A yi ta a gida. Surajo ya kawo mutum ɗaya, Gudiya ta kawo ɗaya, su biyun su zaɓi na uku, duk abin da suka yanke ya zauna.

Surajo ya kawo Alhaji Waliyyu, dillalin albasa, wanda shi ke sayar masa da kayansa duk shekara. Gudiya ba a ma tambaye ta ba, aka ce ai ga kawunta nan. Na uku suka ɗauko Malam Naziru mai ja musu salla a masallacin ƙofar gida. Surajo ya ƙara da cewa tunda ita ta kai ƙorafi, ita za ta ciyar da masu zama. Manya suka ce haka ake yi.

Ranar zaman farko ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ta yanka zakara. Ta kai har bakin ƙyauren cikin gida ta yi sallama, Surajo ya miƙo hannu ya karɓa. Nan ta tsuguna a bayan ƙyaure, don ba a yarda ta shiga zaure ba. Maganar albasarta ake yi, amma fuskar masu maganar ma ba ta gani.

Da suka ci suka sha, Malam Naziru ya gyara murya.

"Daga yau ba mai taɓa rudun ga, ba Surajo ba Gudiya, sai mun yanke. Wanda duk ya taɓa ya hwaɗi, ya bar ma ɗan'uwa nai. Kun yarda?"

Surajo ya ce ya yarda tun kafin Malam ya rufe baki.

Daga bayan ƙyaure Gudiya ta ce, "Allah shi gafarta Malam, tsinta hwa? Albasa sai ana buɗewa ana hidda ruɓaɓɓu."

Alhaji Waliyyu ya yi dariya. Mutumin da ya tsufa cikin albasa, wanda da hanci yake gane buhun da ya fara lalacewa.

"Ke Gudiya, yaushe za mu daɗe? Kahin kasuwa ta zagayo mun gama. Ki kwantar da hankalinki."

Ta yarda. Suka zagaya baya, Malam Naziru ya naɗe rudun da igiyar rama ya ƙulle, aka shafa fatiha.

Kasuwa ta zagayo, Gudiya ta sake girki. Sai da abinci ya shiga zaure aka sanar da ita cewa Alhaji ya bi motar albasa Kudu. Sauran biyun suka cinye, suka ce ba a zama da mutum biyu. Da Alhaji ya dawo, gwiwar Kawu ta tashi, wai ko taka babur ba ya iyawa. Da gwiwa ta kwanta, Malam yana da ɗaurin aure a Jega. Kuma ba wanda zai aiko tun da wuri ya ce kada a ɗora tukunya. Sai an dafa an kai, wanda ya samu zuwa ya naɗe hannun riga ya ci rabonsa da na wanda bai zo ba.

A cikin gida kuwa Surajo ya sa wa ɗakin hatsi kwaɗo. Wai tunda magana tana gaban manya, komai na Baba ya tsaya. Gudiya ta je wurin matarsa Safiya ta roƙi ko tiya ɗaya ta gero saboda yara.

"Wallahi Gudiya ni ba ruwana," in ji Safiya. "Abin da maigida ya ce shi nika bi. Ki yi haƙuri har a gama."

Tana faɗin haka tana kwashe tuwo a tukunyar da ta isa mutum goma.

Gudiya ta sayar da akuyarta guda da ta rage. Bayan akuya ta fara fitar da kwanukan aurenta ɗaya-ɗaya, dillaliya tana zuwa tana karɓa a wulaƙance. Duk don a ciyar da masu zama. Marayun nan kuwa ƙanzo suke samu da abin da ya dawo daga zaure, in ya dawo. Sau da yawa ni nake miƙa musu ƙuli da gari ta kan katanga.

Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Iska ta yi nauyi. Ina suya a tsakar gidana na fara jin wani wari siriri yana zuwa yana komawa. Da na leƙa sai na ga Gudiya tsaye gaban rudu, hannunta biyu a baya kamar mai tsoron kada su kufce mata su taɓa igiyar. Ita ma ta ji.

Ran da Allah ya haɗa su ukun, aka ce a kawo shaidu. Wanzami ya zo ya faɗi abin da ya ji. Surajo ya ce tsohon nan kunnensa ya yi nauyi, kowa ya sani. Aka kira ni, na tsuguna kusa da Gudiya a bayan ƙyaure na ce ina riƙe da kofin kunu lokacin da Malam Mamman ya ce gonar fadama ta Gudiya ce halak malak.

Alhaji Waliyyu ya ce, "Wagga ba ita ce ka ba ɗiyanta abinci ba? Ai ƙawarta ce. A samo wata macen da ta ji."

Na ce, "Alhaji, wace mace? Mutum nawa ke zuwa wurin mai jinya? Shi ɗan nasa da ke zaune gabanka sau nawa ya leƙa ɗakin?"

Kawu Imrana ya daka mini tsawa, wai ba a kira ni in yi wa manya rashin kunya ba. Kawun da aka ce shi ne bakin Gudiya! Tun da aka fara zaman ban ji ya faɗi kalma ɗaya da ta amfane ta ba, sai "a yi haƙuri, a bi sannu."

Gudiya ta ce, "Kawu, don girman Allah, ku bar maganar gona tukuna. Albasa ta hwara wari. Ku zo ku tsaya da kanku, a buɗe gabanku in tsince, a mayar a ɗaure. Ko ɗaya ba ni ɗauka."

Malam Naziru ya ce abin da aka shafa wa fatiha ba a kwance shi da garaje, sai an duba. Alhaji ya ce albasa mai kyau ba ta lalacewa da wuri haka, in kuwa ta lalace to dama can ba a busar da ita daidai ba. Sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji da kyau.

"Af, Gudiya, miyar yau ba ta ji albasa ba. A gyara gaba."

Na rantse da Allah haka ya ce. Mace mai rudu guda a bayan ɗakinta, sai da ta aika kasuwa aka sayo mata 'yar kashin albasa don miyar masu zama.

Washegari ta tare Surajo a tsakar gida yana shirin fita. Ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, na bar maka rabi. Na bar maka abin da kaka so. Mu je mu ce ma manya mun daidaita, a buɗe."

"Ni na isa in karya maganar manya?" in ji shi. "Ke kika kira su, ba ni ba. Ki jira su gama."

"Kahin su gama ba abin da za shi rage."

"To sai ki ce Allah ya kawo."

Ya tako babur ɗinsa ya fita, buhun irin shinkafa ɗaure a baya. A ranar na gane inda aka dosa. Mijin ƙanwata ya dawo daga fadama ya ce ya ga Surajo da 'yan ƙwadago suna shuka a gonar Gudiya. Da magana ta kai zaure, sai aka ce ai rudu aka ɗaure, ba gona ba, kuma bai kyautu ƙasa ta zauna banza da damina ba. Ashe shi ba albasar ce ta dame shi ba, tasa ya sayar tun tuni. So yake rani ya zo ya tarar da ita ba iri, ba taki, ba abin sayen man injin ban ruwa. Gona a hannun wanda ba zai iya noma ta ba, ai ta mai ƙarfi ce.

Na ɗauki wuƙata na zagaya na same ta. Lokacin baƙin ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashin rudun, ƙudaje sun yi masa rumfa.

Na ce, "Gudiya, ungo. Yanke igiyar banzan nan. Ko kashi ɗaya cikin uku kika tsira da shi, ya fi babu."

Ta kalli wuƙar ta daɗe. Ta rame, wuyanta duk jijiya.

"Adama, abin da yake jira ke nan. In na taɓa na hwaɗi, albasa ta tahi, gona ta tahi. Kuma na yi alkawari anka shafa fatiha."

"Su da suka shafa tare da ke, sun cika nasu?"

"Wannan tsakaninsu da Allah."

Na koma gida ina kuka don haushi. Na yi fushi da ita, na yi fushi da kaina, amma gaskiyarta ce. Sun ɗaure ta da igiyar da ta fi ta rama ƙarfi, don sun san ita mai tsoron Allah ce.

Kun san abin da ya sa aka gama zaman? Ba kukanta ba ne, ba yunwar marayu ba ce. Wari ne ya kai zaure. Ya kai masallaci, masu salla suka fara toshe hanci da gefen rawani suna tambaya ko akuya ce ta mutu. Ran nan Alhaji ya kai loma bakinsa sai ya ajiye, ya ce wannan ba wurin cin abinci ba ne. Nan take aka ga ya kamata a yanke.

Washegari da hantsi suka zauna. Malam Naziru ya yi doguwar addu'a, ya yi bayanin falalar zumunci, sannan ya ce sun duba sun gani. Albasa ta Gudiya ce, ita ta sha wahalarta, Surajo ba shi da ko ɗaya. Gona ma sun yarda marigayi ya ba ta. Amma tunda yanzu ba ta da ƙarfin nomawa, ga shi kuma ɗan'uwanta ya riga ya zuba shinkafa, sai ya ci gaba da riƙewa yana ciyar da ita da ɗiyanta.

"Kin ga amfanin haƙuri," in ji Kawu Imrana. "Kin yi nasara, ba kotu ba tonon asiri. Sai ki yi maza ki kwashe kayanki, mutane na ƙorahin wari."

Alhaji ya ce, "A kawo abinci bayan azahar, mu ci na rufewa. Amma a ɗan turara wurin."

Gudiya ta tashi daga bayan ƙyauren ta nufi bayan gida, na bi ta. Ta karɓi wuƙata ta yanke igiyar, ta yaye ciyawar.

Wayyo Allah. Na ga ɓarnar albasa a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Duk ta narke ta zama baƙin taɓo, tsutsa fari fat tana motsi a ciki. Ta saman ta yi tsiro ta bushe, kana taɓawa sai ɓawo. Gudiya ta zura hannu har gwiwar hannu tana lalube, ta koma wancan gefen ta lalube, ko za ta samu guda ɗaya mai tauri. Ba ta samu ba. Na jira ta yi kuka, ba ta yi ba.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko babban kwanon nan mai murfi, shi kaɗai ya rage cikin kayan aurenta, shi take kai musu tuwo a ciki. Ta cika shi da hannunta, ta goge gefensa tas, ta rufe. Ta yi wanka ta sa zanenta mai kyau. Da aka sallame azahar suka dawo suka zauna, ta ɗauka. Wannan karon ba ta tsaya bakin ƙyaure ba. Ta tura shi da ƙafa ta shiga, ni ina bayanta.

Surajo ya zabura. "Ke! Wa ya ce ki shigo?"

Ta wuce shi ta ajiye kwanon a tsakiyar tabarma, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa manya, ta ɗage murfin.

Alhaji ya yi baya har hularsa ta faɗi. Malam Naziru ya toshe baki da hanci yana salati. Kawu ya miƙe tsaye tsam, gwiwar da ke ciwo ba ta ce komai ba.

"Bisimilla," in ji Gudiya. "Kun ci zakarana, kun ci akuyata, kun ci kwanukana. Wagga ita ta rage. Alhaji, ka ce miya ba ta ji albasa ba, ga ta nan. Ba ni na dahwa ba, ku kunka dahwa da hannunku. Kawu, ga nasarar da ka ce na yi. Malam, wagga abincin marayu ce ta shekara guda. Ka duba ta da kyau, don za a tambaye ka."

Ta miƙe ta fita, ta bar musu kwanon.

To ku ji abin da ya hana ni barin maganar nan ta mutu. Washegari, rana ko ɗagawa ba ta yi ba, su ukun suna zaure. Kawu ya taso daga Liba a kan babur cikin taɓo, ba gwiwa ba komai. Alhaji ya bar mota ana lodi a kasuwa. Malam ya aika wani ya wakilce shi wurin suna. Ba wanda ya nemi shaida, ba wanda ya ce a bi sannu, ko abinci ba su jira ba. An taɓa mutuncinsu, sai ga shi ashe sun iya zama da wuri. Kafin shayin da Safiya ta kawo musu ya huce sun yanke: Gudiya ta ci zarafin manya, sai ta durƙusa ta roƙi gafara, in ta ƙi, Surajo ya janye hannunsa daga ciyar da ita. Maganar gona kuwa tana nan yadda aka yanke.

Ba ta roƙa ba. Ba wanda ya roƙe ta ita ma.

Mutane suna yaba sulhun gida, ni ma ban ce ba shi da kyau ba. Amma a gaya mini, wane sulhu ne za a zauna a kan dukiyar mace tana bayan ƙyaure, a zaɓa mata baki, a ci abincinta, a ɗaure mata hannu da fatiha a bar na ɗan'uwanta a sake? Har yau mutanen nan uku ana kiran su raba gardama, ana cewa ai su ne suka sasanta gidan Malam Mamman ba tare da an je kotu ba.

Rani ya shigo yanzu. Gonar fadama ta yi shar da albasar Surajo. Gudiya kuma kullum da safe takan kawo mini yaran ta wuce kasuwa, can rumfunan da mata ke zama a ƙasa suna aikin yini. Jiya na bi ta wurin na gan ta a gaban tulin albasar wani, kanta a sunkuye, tana fitar da ruɓaɓɓu daga cikin masu kyau.